Ɓarawon da ke Roƙon Mabuɗi: Yadda Damfarar Waya ke Aiki da Hanyoyin Kare Kai

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ne mai sayar da shinkafa a Babbar Kasuwar Sakkwato. Ana gab da La'asar, shago cike da masu ciniki, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran saurayi ne mai ladabi, kuma Sakkwatancinsa ba shi da gyara.

"Salamu alaikum, Alhaji, an wuni lahiya? Daga banki nika kira, ofishinmu na Titin Kano. Ranka ya daɗe, an samu matsala ga lambarka ta BVN. In ba a gyara ta ba kafin ƙarfe huɗu, za a rufe asusunka."

Kafin Alhaji ya ce uffan, saurayin ya karanto masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, duk daidai. Sannan ya ce, "Yanzu saƙo zai shigo da lambobi shida. Karanto mini su in gyara maka daga nan, ba sai ka baro shago ba."

Saƙon ya shigo, amma da Ingilishi aka rubuta shi, Alhaji kuwa ajami yake karantawa. Sai ya miƙa wa ɗansa wayar, ɗalibin aji biyar na sakandare da ke taya shi zaman shago bayan makaranta, ya ce, "Kai, karanta wa yaron banki lambobin nan." Daga wannan lokaci, dukiyar gidan gaba ɗaya tana hannun yaron.

Wannan misali ne kawai, amma da wuya a sami unguwa daga Mabera zuwa Runjin Sambo da ba a taɓa jin makamancinsa ba. Masana tsaron na'ura mai ƙwaƙwalwa suna da suna na musamman ga wannan dabara, wanda ma'anarsa a Hausa ita ce "injiniyancin zamantakewa", wato sarrafa tunanin mutum kamar yadda makaniki ke sarrafa inji, har ya miƙa sirrinsa da hannunsa. Bahaushe dai damfara ya san ta, ko zamba cikin aminci.

Ƙarfin Makulli a Lissafe

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ɗan damfara ke kiran waya, ya kamata a san abin da ya gagare shi. Lambar sirrin katin ATM gurabe huɗu gare ta, kuma kowane gurbi na iya ɗaukar ɗaya daga cikin alƙaluma goma, daga 0 zuwa 9. Idan aka ninka 10 sau 10 sau 10 sau 10, za a sami lambobi 10,000 mabambanta. Na'urar banki takan toshe kati bayan kuskure uku. Ke nan ɓarawon da ya tsinci kati yana cinke, damarsa 3 ce cikin 10,000, wato kusan 1 cikin 3,333. Lambar nan mai gurabe shida da banki ke aikowa, wadda ake kira OTP, ta fi haka tsauri: lambobi 1,000,000 ne ke iya fitowa, sau ɗaya ake amfani da kowace, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa.

Sai dai ɗan Adam kan rage wa makullinsa ƙarfi da kansa. Mutane da yawa shekarar haihuwarsu suke sakawa domin sauƙin tunawa. Daga 1950 zuwa 2009 shekaru 60 ne kacal, saboda haka ɓarawon da ya yi zaton haka damarsa ta tashi daga 1 cikin 3,333 ta koma 3 cikin 60, wato 1 cikin 20. Idan kuwa ya san ranar haihuwar, magana ta ƙare. Haka nan 1234 da 0000 su ne farkon abin da ake gwadawa.

Amma in dai an zaɓi lamba mai kyau, lissafi yana bayan mai asusu. Ɓarawo ya san haka sarai. Shi ya sa ba ya ɓata lokaci wajen fasa makulli; mai gida yake nema ya roƙe shi mabuɗi.

Tsohuwar Sana'a a Sabuwar Riga

Duk yaron da ya taɓa sauraron tatsuniya ya san cewa Gizo ba ya kayar da Kura ko Zaki da ƙarfin damtse. Yakan gano abin da kowane ke kwaɗayi ko yake tsoro, ya shiga ta nan. Haka su ma 'yan damfarar tasha da na kasuwa na da, masu cewa za su ninka wa mutum kuɗi. Abin da ya sauya shi ne nisan da hannun ɓarawo ke kaiwa.

A shekarun 1980 da 1990 wasiƙa da na'urar faks aka yi amfani da su, har duniya ta san Nijeriya da "419", lambar sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya a kundin dokar laifuffuka na Kudancin ƙasar. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Emmanuel Nwude. Tsakanin 1995 da 1998, Nwude ya fito a matsayin Paul Ogwuma, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, ya shawo kan Nelson Sakaguchi, wani babban jami'in bankin Noroeste na birnin Sao Paulo a Barazil, cewa akwai kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kuma shi ma zai sami kasonsa. Babu kwangila, babu fili. Asarar ta kai dala miliyan 242, kuma ba a farga ba sai da bankin Santander na ƙasar Sifen ya zo sayen Noroeste aka binciki littattafan kuɗi. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 a ƙarƙashin Nuhu Ribaɗu, ta gurfanar da Nwude, kotu a Legas ta ɗaure shi a 2005. Abin lura a nan shi ne, wanda aka damfara ba jahili ba ne. Ƙwararren ma'aikacin banki ne da ya san kuɗi ciki da bai.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001. A ranar 14 ga Fabrairu, 2014, Babban Banki ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa dukkan asusun mutum da zanen yatsunsa. A Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sannan ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023 ya tilasta wa mai nama da mai kabu-kabu da mai sayar da albasa karɓar kuɗi ta waya, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da amfaninsa. Amma kowane ya zo da wa'adi da barazanar rufe asusu ko layi, kuma wa'adi da barazana su ne jarin ɗan damfara.

Me Ya Sa Mai Hankali ke Faɗawa?

Nan ne kimiyyar halayyar ɗan Adam ta shigo. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya gudanar da wani gwaji da ya girgiza masana. An ce wa mutanen da suka zo su riƙa yi wa wani "ɗalibi" tambayoyi, duk lokacin da ya yi kuskure su danna maɓallin da zai ja shi da lantarki, ana ƙara ƙarfin a kowane kuskure. Lantarkin na ƙarya ne, ihun ɗalibin ma shiri ne, amma masu dannawa ba su sani ba. Duk wanda ya so tsayawa, sai wani mutum sanye da rigar ɗakin gwaji ya umarce shi cikin natsuwa ya ci gaba. Cikin mutum 40, guda 26 sun bi umarni har zuwa bolt 450, matakin ƙarshe. Mutumin nan ba shi da bindiga ko bulala. Riga ce kawai da murya irin ta mai iko.

Ɗan damfarar da ya ce daga banki yake, ko daga hukumar jarrabawa, ko daga ofishin 'yan sanda, wannan rigar yake arowa. Wani masanin, Robert Cialdini, a littafinsa Influence na 1984, ya lissafa wasu ƙofofin da ake bi a shawo kan mutum, ciki har da ramuwar alheri, da bin abin da jama'a ke yi, da son wanda ya yi kama da kai, da tsoron kada abu ya ƙare kafin a samu. Idan aka koma ga kiran da aka yi wa Alhaji, za a ga an haɗa da dama daga cikinsu a cikin minti guda. Saurayin ya yi magana da harshen garin, ya ambaci titin da Alhaji ya sani. Ya nuna taimako yake yi, don kada dattijo ya sha layi a banki. Ya kuma sa wa'adin ƙarfe huɗu.

Wa'adin nan shi ne ƙashin bayan dabarar. Idan tsoro ya kama mutum, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, hankali ya tattaru a kan hanyar tsira mafi kusa. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda ya ci karo da maciji a gona, amma ba ya barin mutum ya tsaya ya tambayi kansa, "Shin banki ya taɓa gyara wani abu ta wannan hanya?" Don haka ɗan damfara ba ya yarda a kashe waya, ba ya yarda a yi shawara da kowa. Sau da yawa ma yakan ce, "Kada ka gaya wa kowa, ana zargin wasu ma'aikatanmu."

Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyar Hausawa kai-tsaye. An horar da yaro kada ya yi wa babba musu, kada ya katse wa baƙo magana, kada ya nuna wa mutum a fuskarsa cewa bai yarda da shi ba. Ciniki mai yawa a Sakkwato, daga Kasuwar Kara har zuwa fataucin da ake yi ta Illela da Birnin Ƙonni, a kan amana da kalmar baki yake tafiya. Waɗannan kyawawan ɗabi'u ne, kuma babu mai cewa a watsar da su. Sai dai an gina su ne a zamanin da ake ganin fuskar mai magana, a san gidansu, a san ubansa. Murya a waya ba ta da gida.

To, ina saurayin ya samo suna da ranar haihuwar Alhaji? Hanyoyin suna da yawa: kwafin katin shaida da aka bari a shagon hoto, takardar da aka cike don neman wani tallafi, rasit ɗin da aka yar a gaban mai POS, ko taya murnar zagayowar ranar haihuwa a Facebook. Sanin waɗannan bayanai ba shaida ba ce ta komai. Ko lambar da ta fito a fuskar waya, da sunan da saƙo ya zo da shi, ana iya ƙirƙirar su.

Siffofin da Aka Fi Gani

Bayan kiran banki na ƙarya, wanda ya fi addabar ɗalibai da malamai shi ne ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ya ce shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta malamai, za a yi taro ta intanet da dare, an turo lambar shiga, a karanto masa. Lambar nan mai alƙaluma shida ita ce wadda WhatsApp ke aikowa idan ana son ɗora layin mutum a kan wata sabuwar waya. Da zarar ya same ta, sai ya zama shi ne mai layin a idon jama'a, ya shiga aika wa 'yan uwa da abokai cewa yana asibiti, a ranta masa kuɗi zuwa gobe. Su kuwa suna ganin hoton ɗan uwansu da sunansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai saƙon fatsa, wato wanda aka ɗaura wa ƙugiya. Yakan zo da albishir na tallafin gwamnati, ko gurbin karatu kyauta, ko ɗaukar aiki, tare da adireshin intanet da za a latsa. Shafin da zai buɗe yana ɗauke da tambarin hukuma, yana neman lambar kati da lambar sirri "domin a tura kuɗin". A lokacin fitowar sakamakon JAMB kuma sai masu "ƙarin maki" su fito, alhali hukumar ta sha nanata cewa babu mai iya taɓa maki, kuma tun 2017 ta tsarinta na CAPS ake ba da gurbin shiga manyan makarantu.

Wasu kuwa ido da ido ake yin su: mai "taimako" a bakin na'urar ATM da ke kallon lambar dattijo sannan ya musanya masa kati, da mai sayayya da ke nuna alat na bogi yana cewa matsalar sabis ce ta hana kuɗin shiga.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta marasa ilmin boko. Kevin Mitnick, shahararren mai kutse da aka kama a Amurka a 1995, ya shaida wa Majalisar Dattawan ƙasar a 2000 cewa galibin nasararsa ta hanyar yaudarar ma'aikata ya same ta. A ranar 15 ga Yuli, 2020, wasu matasa, cikinsu har da ɗan shekara 17 daga jihar Florida, suka kira ma'aikatan kamfanin Twitter a waya kamar abokan aikinsu ne, suka karɓi kalmomin sirri, suka kai ga shafuka 130, ciki har da na Barack Obama da Bill Gates. A farkon 2024 kuma wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki ya kuma ji muryoyinsu, alhali duk ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta haɗa su. Tun daga nan, jin murya ya daina zama hujja.

Hanyoyin Kariya

Tun da ba za a iya dogara ga murya ko lamba ko tambari ba, kariya ba ta cikin iya gane ɗan damfara. Wanda ya dogara ga wayonsa zai gamu da wanda ya fi shi. Kariya tana cikin ɗabi'u guda biyu da ake bi kullum, ko an yi zargi ko ba a yi ba.

Ta farko, lambar sirri ba ta fita ta baki. Lambar ATM, da OTP, da alƙaluma uku na bayan kati, da lambar WhatsApp, duk an yi su ne don mai su ya danna da yatsansa a cikin aikin da shi ya fara. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatar su, kuma ba a ba shi izinin tambaya ba. Idan OTP ya shigo alhali mutum bai sayi komai ba, ma'anarsa wani na ƙoƙarin cire kuɗi a daidai wannan lokaci, lambar nan kaɗai ta rage masa. Don karɓar kuɗi kuwa, lambar asusu da sunan banki sun wadatar.

Ta biyu, a kashe waya a nemi mai maganar ta hanyar da aka riga aka sani. Idan banki ne, akwai lamba a bayan kati, akwai kuma reshe. Idan ɗan uwa ne ke neman rance ta saƙo, a kira tsohuwar lambarsa, ko a kira matarsa, ko a yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Ba rashin kunya ba ne a ce, "Malam, yi haƙuri, zan zo ofis da kaina." Ma'aikacin gaskiya zai ce bismilla. Ɗan damfara ne zai fusata.

Sauran matakan na gyaran waya ne, kuma ba sa ɗaukar minti goma. A kunna tabbatarwa mai hawa biyu a WhatsApp, ta yadda ko an saci lambar farko akwai ta biyu da mai waya kaɗai ya sani. A sa wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya cire sim daga wayar da aka sace, ko wadda aka bari wurin mai caji, yana iya danna *565*0# ya ga BVN. Mai shago kada ya saki kaya sai ya duba abin da ke asusunsa da kansa. Adireshin intanet kuma a karanta ƙarshensa kafin layin karkace na farko: na hukumomin gwamnati da gov.ng yake ƙarewa, kamar jamb.gov.ng, na jami'o'i kuwa da edu.ng, kamar udusok.edu.ng na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sunan hukuma da aka liƙa a farkon adireshi ba ya nufin komai.

Idan aikin gama ya gama, sa'a ta farko ita ce mafi tsada, domin ɓarayi kan rarraba kuɗi zuwa wasu asusai nan take. A kira banki a toshe kati da asusu. Bankuna da dama suna da gajeriyar lambar toshewa da ake iya dannawa daga wayar wani, kuma ya kamata a rubuta ta a ajiye tun kafin ranar buƙata. A adana saƙonni da lambar da ta kira, a kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Sakkwato. Ƙorafin da ya shafi kamfanin waya ana kai shi ga hukumar sadarwa ta NCC ta lamba 622. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan irin waɗannan laifuffuka. Babban abin da ke hana ta aiki shi ne kunya: dattijo ya gwammace ya haɗiye asara da a ce an yi masa wayo, ɓarawon kuwa ya wuce zuwa maƙwabcinsa da labari iri ɗaya.

Aikin Aji

A cikin saƙon da ya shigo wayar Alhaji, kusa da lambobin shida, akwai gargaɗin kada a faɗa wa kowa. Bankuna kan rubuta shi, amma da Ingilishi, kuma a gidaje da yawa ɗalibin sakandare ne kaɗai zai iya karanta shi. Malamai na iya amfani da waɗannan a darasin lissafi, ko na kwamfuta, ko na Hausa:

1. Lambar sirri mai gurabe shida sau nawa ta fi mai gurabe huɗu yawan lambobi? Idan aka ba ɓarawo damar gwaji uku, mene ne damarsa a kowace?

2. Kowane ɗalibi ya kawo saƙon da yake zargi daga wayar gidansu, bayan ya goge suna da lambobi. A tantance wace ƙofa saƙon ya bi: tsoro, kwaɗayi, gaggawa, ko girmama mai iko.

3. A fassara gargaɗin da ke cikin saƙon OTP zuwa Hausa, a rubuta shi da boko da ajami, a kai gida.

4. Ɗalibai uku su fito su kwaikwayi Alhaji da ɗansa da mai kira. Mai kira yana matsawa, Alhaji yana cewa, "Kai, ba ka ji abin da na ce ba?" Sauran 'yan aji su tsara kalmomin da yaron zai faɗa wa mahaifinsa, a gaban masu ciniki, waɗanda za su hana lambar fita ba tare da ya kunyata shi ba.